Ƙarar da Ta Wuce Ni

Ruwa ya kwana yana zuba a Ijora,
laka ta kai idon sawu a bakin gareji.
Sallau ya shigo da tankarsa tana tari
kamar dattijon da ya hau tudu da buhu a ka.
"Malam Ilu, nozul ce kawai," in ji shi,
tun ban ajiye kofin shayi ba.
Haka direba yake:
ya zo da ciwo, ya zo da sunan ciwon,
kuma sunan mai araha yake zaɓa.

Na ce ya tayar, ya bar ta a silo.
Na zaga baya wajen salansa.
Da baƙi ne hayaƙin, da sauƙi,
gas ne bai ƙone ba, ko matatar iska ta toshe.
Da fari ne mai laima, da ruwa ya sami ƙofa,
gaskit ya ci amana ke nan.
Wannan shuɗi ne, siriri, mai ƙauri:
inji na shan man da aka ba shi ya shafa.

Na cire murfin mai, na ɗora tafin hannu,
numfashi na bugo ni, fuf, fuf, fuf.
Ringi sun saki, sun daina riƙe sirri.
Na ce to, mun gano, a kashe.

Sai Rasaki, yaron da na ɗauko bara daga Mushin
ko sifana bai iya riƙewa ba,
ya ce da guntuwar Hausarsa,
"Oga, akwai wani a ƙasa."
Ya kafa bakin sukudireba a jikin inji,
ƙota a kunne, ido a rufe.

Na karɓa. Na kafa. Na saurara.
Na ji gada tana rawa da manyan motoci,
na ji janaretan mai walda,
na ji jinina yana kai da komo.
A ƙasa kuwa, shiru.

Shekara talatin da ɗaya ina sauraron ƙarfe.
Ni ne wanda ake kira da dare har Apapa,
in tsaya nesa, hannu a aljihu,
in ce silinda ta huɗu, a kwance a tarar.

Ban yi musu ba. Na ce a kawo daro.
Baƙin mai ya sauko da kauri
kamar kunun da ya kwana.
Na tsoma yatsa, na murza, na kai haske:
ƙyalli, tsaba-tsaba, launin tagulla.
Mital ya cinye.
Ƙarfe na cin ƙarfe ba mai shiga tsakani,
da ya kai Shagamu da sanda ta fasa ciki ta leƙo.

Sallau ya zauna kan tsohuwar taya, ya cire hula.
"Sati uku na yi a layin lodi.
Mai ban juye ba tun kafin azumi.
Gas kuma a jarka na saya, da dare,
na san an sirka da kananzir, na sani."
Na ce inji ba ya kai ƙara wajen kowa,
rubutawa yake yi.
Abin da ka hana shi a galan
zai karɓa wata rana da kuɗin gona.

Ya fita neman mai motar a waya.
Ni kuma na tsuguna wanke hannu da yashi da sabulu,
gwiwata ta yi ƙas, na ji wannan dai.
Karanshaf ana kai shi a goge, a sa masa mital mai kauri,
ya koma hanya har Maiduguri.
Kunne ba shi da inda ake kai shi.

Da magariba na ɗauki sukudireban nan,
mai jan ƙota, wanda na zo da shi daga Funtuwa,
na jefa a akwatin Rasaki.
Ya dube ni. Na ce gobe akwai tifa biyu,
kai za ka fara ji,
ni zan duba hayaƙi.